Ɗanyar Abarba a Fai ɗin Marlys Haugen

Kwamitin matan cocinmu sun kunyata Marlys Haugen a gaban jama'a ranar walimar Kirsimeti, kuma har yau ba wadda ta taka ƙofarta ta ba ta haƙuri. Doka suka kafa bana, wai kada abin gwangwani ya hau teburin walima, sai sabo ɗanye. A Minnesota ta Amurka fa, a watan Disamba, lokacin da ko kare ba ya son leƙa waje saboda sanyi.

Marlys ta haura saba'in. Ita ta yi ta dafa wa yaran firamaren garin nan abincin rana har gwiwoyinta suka gaza, don haka rabin masu gemun da ke cika benci ranar Lahadi da ludayinta suka girma. Amma abin da aka fi saninta da shi shi ne fai ɗin madarar ƙwai, wani kayan zaƙi da ake yankawa kamar kek, wanda ta koya wajen surukarta tun tana amarya. Madarar nan mai kauri da ƙamshi, wadda shaguna ba sa kawowa sai Kirsimeti ta gabato, ita take ɗumamawa ta narkar da garin jeli mai sa ruwa ya kama a ciki. In ta fara kamawa sai ta haɗa da bugaggen kirim na madara, ta juye 'ya'yan itacen gwangwani bayan ta tsane ruwansu, ta zuba duka a kan dakakken biskit. Ba ta ɓata wuri a firij. Baranda take kai shi, ta kife roba a kai saboda kurege, sanyi ya ƙarasa aikin.

Mijinta Orville aikinsa ɗaya ne, buɗe gwangwani. Ladansa kuma ruwan zaƙin da aka tsane, a tsaye yake shanyewa.

Kendra, sabuwar shugabar kwamiti da ta dawo daga birni bara, ita ta kawo saƙon har gida.

"Misis Haugen, ba fai ɗinki muka hana ba fa, gwangwanin ne kawai. Lafiyar mutane muke dubawa."

"'Yar nan, babanki tun yana ɗan gajeren wando yake cinsa. Ga shi can yana faskare."

"Ki dai gwada da sabbi. Zai ma fi daɗi."

Marlys ba ta jayayya da coci. Ta sa Orville ya kai ta babban kanti a garin gaba, ta sayo inabi da tuffa da wata ƙatuwar abarba mai tuntu a ka. Ita da ba ta taɓa fere abarba ba a rayuwarta. Orville ya zo da mabuɗin gwangwani a hannu, ya juya abarbar nan gaba da baya.

"Tsohuwa, ta ina ake buɗe wannan?"

"Ajiye, miƙo min wuƙa. Bana an sallame ka."

"To ruwan zaƙina fa?"

"Je ka wurin Kendra ta ba ka."

Ta haɗa komai yadda ta saba, ta kai baranda. Da safe ta taɓa, ta ji shi tauri kamar dutse, hankalinta ya kwanta. Ashe ba kamawa ya yi ba, ƙanƙara ce ta daskarar da shi.

Ɗakin walima a ƙarƙashin coci yake, ga na'urar ɗumi tana ta huci. Fasto kuma, kowa ya san shi, in ya fara addu'ar abinci sai ya ambaci marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya har da na wasu garuruwa. Al'ada ce shi ke yanka fai ɗin Marlys da farko. Ya sa wuƙa, ya ɗaga, sai fai ya biyo shi, ashe ɗumin ɗakin ya narkar da shi. Ya malala kan tebur, inabi na iyo, har ya ɗiga a takalmin Fasto.

Gladys, yayar Orville, kunnenta ya yi nauyi, ba ta iya magana a hankali ba. Daga can ƙarshen tebur ta ce, "Ɗanyar abarba kika sa ko? Ai ba ta barin jeli ya kama. Ta gwangwani dafaffiya ce."

"Kin sani kika yi shiru?" in ji Marlys.

"Wa ya tambaye ni?"

Orville ya tashi, ya ɗauko kofin shayi da ludayi, ya ɗiba ya kurɓa. Ya ce gara ma haka, haƙoransa sun huta. Maza suka bi layi da kofuna, aka shanye tas, aka yi ta dariya. Marlys ma ta yi dariyar, har da share hawaye. Amma da suka koma gida ta wanke kwanon fai ɗin, ta sa Orville ya ɗora shi can saman kabad inda hannunta ba ya kaiwa. Ta ce ta gama, yara su karɓa.

Yaran nan kuwa ba wadda ta iya. Saboda haka, Kendra, ke da matan kwamitinki, ku soke dokar nan kafin walimar sabuwar shekara, tun madarar ƙwai ba ta ɓace daga shaguna ba. Ku je gidan Marlys da ƙafarku, ba ta waya ba, ku roƙe ta ta sake yi. Kuma ku tafi da gwangwanin a hannunku.