Rawanin Baba a Ƙafar Baƙuwa

Ko zan manta da komai a duniya, ban da wata Juma'a ta kasuwar Wudil, a shekarun nan da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, manyan motoci suka cika titi suna gudu kamar ba za a mutu ba. A ranar na rasa mahaifina, kuma saura ƙiris in rasa yayana alhali yana raye.

Yayan nan nawa tsohon soja ne da ya dawo daga yaƙin basasa. Aikinsa a can kwaso waɗanda aka harba da ɗaure musu rauni. Ya tafi yana sarkin surutu, ya dawo sai ka yi masa magana uku kafin ya mayar maka da ɗaya. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, nakan tsokane shi in ce, "Yaya, duk yaƙin nan ko rediyo ba ka kwaso mana ba?" Sai ya ce, "Na kwaso abin da ba ya sayuwa." In ya ga dama yakan ba mu labarin yadda ake ƙara wa mutum jinin wani, da ruwan da ake ratayewa a kwalba, da allurar da ke hana rauni ruɓewa. Ya ce a fagen yaƙi likitoci suka goge da dabarun nan, a jikin samari, kafin su iso asibitin gari. Mu dai muna jinsa kamar tatsuniya.

Ran nan da hantsi ni da shi muna bakin titi kusa da gada, muna jiran Baba da ya taso daga Utai a bayan a-kori-kura. Sai muka ji ƙara. Wata babbar mota mai ɗauke da siminti ce ta ƙwace, ta daki motar su Baba ta watsar da mutane. Innalillahi! Ko'ina ihu, ko'ina jini.

Muka tarar da Baba a gefen hanya, babu ko ɗigon jini a rigarsa. Har na ce alhamdulillahi. Yaya ya durƙusa ya taɓa wuyansa, ya duba idonsa, ya danna cikinsa da ya yi tauri kamar dutse. Na ga fuskar Yaya ta sauya. Sai kawai ya sa hannu ya warware rawanin Baba, ya miƙe.

"Riƙe masa kai," ya ce da ni. "Ka yi ta laƙƙana masa kalmar shahada."

"Yaya, ina za ka? Baba ne fa!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya nufi wata Bafulatana mai tallar nono da jini ke tsartuwa daga cinyarta. Ya yaga rawanin, ya ɗaure sama da raunin, ya zura guntun kara ya murɗa har jinin ya tsaya. Ragowar ƙyallen ya ɗaure wa wasu da shi. Da aka sami ƙaramar mota da za ta kai mutane Kano, matar ya fara sawa, ya cike gurbin da waɗanda ya zaɓa. Baba yana kwance a ƙasa, kai ba rufi.

A wurinmu babba ake fara dubawa, balle uba. Mutane suka hau salati. Wani dattijo ya ce, "Wannan yaro soja ya cinye masa imani." Wallahi a lokacin ni ma haka na gani. Baba ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Ina babban?" Na ce, "Ga shi nan zuwa, Baba." Kafin Yaya ya juyo, Baba ya cika a cinyata.

Na daɗe ko gaisuwarsa ba na amsawa. Wata rana da la'asar ya same ni a zaure ya zauna. Ya ce, "A can an koya mana masu rauni kashi uku ne. Akwai wanda zai tashi ko ba ka taɓa shi ba, akwai wanda ba zai tashi ba ko me ka yi, akwai wanda Allah ya rataya ransa a hannunka. Jinin Baba a ciki yake zuba, ba zai kai rabin hanyar Kano ba. Na sha ganin irin cikin nan. Kana tsammanin ban san wanda na bari ba?" Sannan ya ce, "Abu ɗaya nake so in sani. Ya neme ni?"

Ni mai bakin da ba ya hutawa, ranar na kasa. Shirun nawa ya ba shi amsa. Ya kifa kai a gwiwa ya yi kukan da ban taɓa jin namiji ya yi ba.

Bayan damina matar nan ta zo gidanmu tana ɗingishi, da ƙwaryar nono da guntun rawanin, ta wanke shi tas ta ninke. Yaya ya karɓi ƙyallen, nonon kuwa ya kasa sha.

Yau in na shiga asibiti na ga an tsallake wani an ruga kan wani, ba na cewa rashin imani ne. Abin da na koya shi ne, ilimin da yaƙi ya bar mana yana ceton rai, amma ba kyauta ya zo ba. Wasu sun biya da jininsu. Yayana ya biya da kiran ƙarshe na mahaifinsa, kuma bai gama biya ba har ya koma ga Allah.