Ragowar Maganin Kaltume

Ku yi mini afuwa da na dame ku da rubutu ana cikin makoki. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma wannan shirun ya fi ƙarfina.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha biyu ga Sha'aban, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Kaltume, mai suyar kifi a Tiga, a wani asibiti a Kano.

Kaltume, tare muka yi allo, tare muka yi sauka. Ba ki taɓa sauke kasko kin manta da gidana ba. Da nake jinyar maigidana, ke kika riƙe mini yara, har tsifa da kitso. Komai naki na rabawa ne, hatta magani. In kin ji wata tana tari, sai ki kwance bakin zani ki ce, "Ungo, 'yar'uwa, ni dai ya yi mini."

Wannan kirkin naki ne yake ba ni tsoro yau.

An karantar da mu cewa wani zaton zunubi ne, don haka ba zan kama sunan kowa ba. Abin da na gani zan faɗa. Ƙalau kike, in ban da ciwon gwiwa, har kika sayo wata farar ƙwaya wurin mai talla a kasuwa. Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ki, ido ya kaɗa ya yi ja, ƙuraje suka feso. Matan unguwa suka ce, "Alhamdu lillahi, magani ya koro ciwon waje, kar ki fasa sha." Ba ki fasa ba, har leɓɓanki suka farfashe, fata ta soma saɓulewa kamar an watsa miki tafasasshen ruwa.

Likitar da ta ɗebi jininki ta ce ƙwayar take zargi. Na ce, "Likita, ba a iya ganewa tun kafin a kai ga haka?" Ta ce masu bincike suna neman wata alama a cikin jini da za ta bambanta wannan da ƙurajen banza tun da wuri, amma ba ta iso gare mu ba tukuna. Ta ƙara da cewa wani lokaci maganin da bai karɓi mutum ba, ba ya karɓar 'yan'uwansa na jini.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ranar sadakar uku na duba tagar da kike ajiye robar ƙwayar, babu ita. Kuma da kunnena na ji ƙanwarki Jamila tana kukan ciwon gwiwa kafin ta koma Ɗansoshiya.

Allah ya jiƙan ki, Kaltume. Ya sa wahalar da kika sha ta zama kankarar zunubi, ya haskaka kabarinki, ya ba 'ya'yanki da dangi haƙurin rashinki.

Malam Surajo, kai ne babban wan Kaltume da Jamila. Wayar Jamila ba ta shiga. Don Allah ka je da ƙafarka. In robar tana wurinta, kar ta sha ko ɗaya, a kai wa likita. Ka ba ni amsa da wuri, ina jira.