Babin Da Ban Karanta Ba

Edita, ni tsohon ma'aikaci ne a nan Sakkwato, kuma abin da zan faɗa ya faru ne tun ina saurayi, lokacin da kuɗin mai suka fara zuba a ƙasar nan, soja na mulki. A lokacin ni akawu ne a wata ma'aikata. Ina da sabon babur, da wando mai faɗin ƙafa, da baki wanda bai bar kowa ba. Muna da majalisa a unguwar Gidan Dare, mu 'yan boko, inda muke haɗuwa bayan la'asar, kuma ni ke faɗa wa kowa abin da zai karanta. Duk wata sai in buga takarda da keken rubutun ofis, in gurza ta a injin ofis, in jera littattafai, in yabi wannan in yaga wancan. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalinmu su ne na makaɗan rok na Turai, masu ba da labarin rayuwarsu. Yau zan faɗi gaskiya: da wuya in kai ƙarshen littafi. Inda ke da daɗi nake karantawa, sauran in cika da surutu.

Ina da aboki tun makarantar allo, ɗan wani babban ɗan kasuwar hatsi da ke zaune kusa da Hubbare. A irin gidansu, ɗa ya zama makaɗi abin kunya ne da ba a faɗa. Shi kuwa ya gudu Ikko, ya yi shekaru yana kaɗa jita a otel-otel da wata ƙungiya, har suka yi faifai guda. Da ya dawo, sai da dattawan unguwa suka sa baki kafin mahaifinsa Alhaji ya karɓe shi. Ya ba shi rumfa a kasuwa bisa sharaɗi ɗaya, cewa kada a sake jin zancen kiɗan nan daga bakinsa ko bakin wani. Abokina ya aske suma, ya koma auna gero da dawa.

Wata rana ya zo ofis da littafin rubutu mai kauri a cikin babbar riga. Ya ce ya ji ina yaba labarin makaɗan Turai, to ga na gida, shekara biyu yana rubuta shi tun yana Ikko. Ya roƙe ni in karanta ni kaɗai in faɗa masa ko ya yi, don akwai wanda yake so ya kai wa in ya sami ƙarfin zuciya. Ban ma tambaye shi wane ne ba. Na buɗe na ga abin ya fi ƙarfina. Mutumin da bai gama firamare ba ya rubuta abin da ni mai takarda ba zan iya ba, kuma wallahi hassada ta kama ni. Na karanta inda yake ba da labarin giya da matan otel da ranar da suka yi kiɗa ya faɗi a kan dandamali don maye. Da na leƙa ƙarshe na ga istigfari da ayoyi, sai na ce a raina ya koma wa'azi, na rufe.

A takardar watan nan sai na buga shafukan mayen, da duk kurakuran rubutunsa yadda suke, na sa a sama cewa ga littafin da ya kamata kowa ya karanta. Ban sa sunansa ba, amma na ce ɗan mai hatsi ne na kusa da Hubbare, kuma a Sakkwato wannan ya fi suna. Na karanta a majalisa ina kwaikwayon muryarsa, ana dariya har da riƙe ciki. Kafin Juma'a takardar ta zaga kasuwa, wani ya karanta wa Alhaji ita a gaban abokan cinikinsa. Tsohon ya karɓe makullin rumfa, ya tara 'ya'yansa a zaure, ya ce wanda ya yi alfahari da saɓo har ya buga shi a takarda ba ɗansa ba ne.

Washegari abokina ya same ni a ofis. Bai zage ni ba. Ya ce in ba shi littafinsa kawai, ko in bi shi wurin Baba in shaida, domin babin ƙarshe wasiƙar neman gafara ce da ya rubuta wa mahaifinsa, kuma saboda ita aka yi littafin gaba ɗaya. Ya ce in ya sake rubuta wata yanzu, za a ce don an kore shi ne. Lokacin ana ta sanar da korar ma'aikata ta rediyo, kuma ni da injin gwamnati na yi aikin. Abin da bai sani ba, tun da na ji maganar ta girma na ƙone littafin a bayan gidanmu. Na dube shi ido cikin ido na ce ban san zancen wata wasiƙa ba, kuma kada ya ja mini asarar aiki, shi da ba shi da abin asara. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya fita.

Ya bar gari. Alhaji ya rasu bai sake kiran sunansa ba, ni kuwa na yi ta samun ƙarin girma har na yi ritaya. Bayan shekaru masu yawa muka haɗu a wata jana'iza, ya tsufa, haƙora sun zube, yana sayar da kaset a tashar wani gari. Ya gaishe ni da kyau, ya tambayi iyali. Da za mu rabu sai ya ce ya san na ƙone shi, abu ɗaya yake so ya ji, ko na karanta babin ƙarshe kafin in sa wuta. Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Ya gyaɗa kai ya ce ashe ke nan babu wanda ya taɓa karanta shi a duniya.

Na nemi gafararsa, ya ce ba shi zan roƙa ba, Alhaji ne ya mutu yana fushi da ɗansa. Bara na ji ya rasu. Ina jin kunyar kaina, kuma na san yanzu cewa ba tsoron kora ne ya fara sa ni ba, baƙin ciki ne don ya fi ni. Ku masu karatu, in wani ya ba ku rubutunsa, amana ce ya ba ku. Kada ku yanke wa mutum hukunci da shafukan da suka ba ku dariya, kuma kada ku yaɗa abin da ba ku kai ƙarshensa ba. Ni yanzu kowane littafi sai na karanta shi har shafin ƙarshe, amma wancan ɗin ba zan same shi ba.