Jan Hannun Gambo

Kakata ta wajen uba, Iya Hajjo, ba ta ba da labari kyauta. A gidanmu na Birni, nan Zinder, da sanyi ya shigo aka kawo gyaɗa daga ƙauye, sai ta hura wuta a bakin ɗakinta bayan sallar magariba, ta jawo kwando ta ajiye a tsakiyarmu. Kowa ya ɗibi rabonsa ya yi ta ɓarewa. In ta ji ƙarar ɓawo ta ragu, sai ta yi shiru a tsakiyar magana, ta kama gyaran itace kamar ba ita ke ba da labari ba. Ni ta fi kamawa, domin da labari ya yi daɗi nake sakin baki in manta da hannuna.

"Ku dubi mijin nan nawa," in ji ta. "Ci kamar gara, aiki kamar hawainiya. Ni dai na yi asarar aure."

"To ki sake ni mana, Iya."

"In sake ka wa zai kwashe ka?"

Tana da yadda take buɗe labari. Sai ta ce, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "A ce ta shigo!" Yawanci kura ce da dila ke shigowa. Amma akwai labari ɗaya da muke roƙo har ta gaji da mu, wanda kafin ta fara shi sai ta shiga ɗaki ta ɗauko wata tsohuwar zabira ta jar fata, ta ɗora a cinya. Da mun ga zabirar nan sai mu hau tsalle, don mun san yau Gambo ne.

Gambo kakanta ne. Ɗan manoma ne a Dogo, a zamanin da ake gina ganuwar Damagaram. Tagwaye yake bi, shi ya sa ake ce masa Gambo, kuma Iya ta ce ko a gidansu ba a san shi da komai ba sai wannan. In baƙo ya tambaya wane ne wancan, sai a ce ƙanen tagwaye ne. Yana noma kamar kowa, ba a yaba masa, ba a kushe shi.

Da rani, shekarar da gemu ya fara tsiro masa, aka kira samarin ƙauyuka aikin ganuwa, ya bi 'yan garinsu ya zo yana ɗaukar ƙasa. Wata rana ya ratsa ta bayan duwatsu neman ruwa, sai ya faɗa unguwar majema. Fatun awaki ne shanye a kan dutse, ja wur, rana na dukansu. Nan Iya takan ɗaga zabirar kusa da wuta don mu ga irin jan. Ta ce Gambo ya tsaya da tulu a hannu har ya manta abin da ya kawo shi.

Wani tsohon majemi mai suna Kyari ya ɗago kai ya dube shi.

"Kai, ba ka jin wari ne? Kowa in ya zo nan da gudu yake wucewa."

"Wane wari, Baba?"

Tsohon ya yi dariya har da tari. "Lalle ciwon ya kama ka. Ɗan wane ne kai?"

"Manomi ne ubana, a Dogo. Baba, ka koya mini yadda ake yin jan nan."

"Mu nan gado muke ci, yaro. Ubana majemi, kakana majemi. Ka taɓa ganin na zo gonarku na ce a ba ni hauya?"

Gambo bai tafi ba. Kullum aka tashi daga aiki sai ya zo ya tsuguna gefe. Ranar da za su koma gida, Kyari ya gaji da ganinsa, ya shiga ɗaki ya fito da ɗan ƙullin iri ya jefa masa.

"Tunda noma ka gada, yi mini abin da ka iya. Wannan wata irin dawa ce, daga gare ta jan nan yake fitowa. Ka shuka da hannunka, ka kawo mini dami guda. In ka kawo, in buɗe maka ƙofa. In ba ka kawo ba, kada in ƙara ganin ƙafarka a nan."

A Dogo ba wanda ya taɓa shuka irinta. Uban Gambo ya murza ƙwayar, ya tauna, ya tofar.

"Ɗaci gare ta. Wannan ko kaza ba ta ci. Gona ta abin da zai shiga rumbu ce, ba zan ba da ko taki ɗaya ba."

Uwarsa ce ta ba shi gayaunarta, 'yar gonar da take noma wa kanta, wadda da ita take samun na gishiri da na zane. Uban ya dube su duka biyu ya ce, "Shi ke nan. Amma ka ji da kyau. In ka je Damagaram aka koro ka, ka dawo ka riƙe hauya, kuma kada in ƙara jin maganar fata a gidan nan har in mutu."

Damina ta yi kyau. Dawar Gambo ta tashi ta fi ta kowa tsawo, ta fid da zangarniya ja har tana baƙi-baƙi. Yana kallon ƙwayar yana cewa ga jan nan, ga shi ya fito. Ranar girbi ya yi abin da kowane manomi ke yi tun kaka da kakanni: ya karya karan, ya yanke zangarniyar, ya zaɓi masu kyau ya ɗaure dami tsaf, ya bar kara zube a gona.

A daidai nan ne mu yara muke kasa haƙuri. Mun ji labarin ya fi sau ashirin, amma sai mun yi ihu, "Gambo, karan! Ɗauki karan!" Iya ta ce, "Ku yi ta kira, ba ya jinku. Ni ma na kira shi na gaji."

Ya ɗora dami a ka tun asuba, ranar Alhamis, ya iso Damagaram da la'asar sakaliya, wuyansa kamar zai karye. Ya dire a gaban Kyari yana haki yana murmushi. Tsohon ya zagaya damin sau ɗaya, ya kira sauran majema.

"Ku zo ku ga! Manomi ya kawo mana tuwo!"

Aka yi ta dariya. Kyari ya shiga ɗaki ya fito da guntun kara, ya ɓare jan ɓawon da ke lulluɓe da shi, ya jiƙa da yawu ya murza a tafin Gambo. Tafin ya yi ja.

"Karan dafi ke nan. Ɓawon nan muke dakawa mu haɗa da ruwan toka. Ƙwayar iri ce kawai. Ina karan?"

"Yana gona, Baba."

"To je ka ɗauko."

Sai Gambo ya tuna da shanu. A ƙauye, in an gama girbi, mai gari kan sa ranar da za a saki gonaki, makiyaya su shigo da shanu su cinye kara su bar taki. Kafin ya taso ya ji an yi shela: Juma'a da hantsi. Gobe ke nan. Ya zabura ya nufi ƙofar gari, ya tarar rana ta faɗi an rufe. Ƙofar da shi da kansa ya ɗauko wa ƙasa da rani, ita ce ta tsare shi. Ya yi magiya, mai gadi ya ce ko ɗan sarki ne sai da safe.

Da aka buɗe da asuba shi ne na farko da ya fita. Nan Iya takan ajiye zabira ta kama buga cinya da tafi biyu, tana yin ƙarar gudu, mu kuma mu taya ta da ƙafa har ƙura ta tashi, babata ta leƙo daga madafa ta ce za mu tashi unguwa. Ya yi gudu, ya yi tafiya, ya sake gudu. Takalminsa ɗaya ya tsinke, ya jefar da ɗayan. Hantsi ya yi yana hanya. Rana ta take tsaka yana hanya. Da ya hango kukokin Dogo, sai ya ji kukan shanu ta ko'ina.

Gonar maƙwabcinsu fes, an cinye. Babbar gonar ubansa cike da shanu. Ya ƙarasa gayaunar uwarsa da ƙyar, yana jan ƙafa.

Sai ga ubansa tsaye a tsakiyarta da sanda. Ya tattara karan ya tara wuri guda, ya tsaya a gabansa tun hantsi cikin rana, ko masallacin Juma'a bai samu zuwa ba. Shanu sun riga sun ci gefe ɗaya kafin uban ya iso, amma fiye da rabi na nan. Wani makiyayi na gefe yana mita, yana cewa shi bai taɓa ganin dattijo na faɗa da saniya a kan kara ba.

Gambo ya durƙusa a gabansa. Uban ya buɗe tafin hannunsa, ga shi ja, gumi ya jiƙa ɓawon ya rina shi.

"Da safe na zo wucewa na ɗaga ɗaya, na ga ya ɓata mini hannu," in ji shi. "Ni ban san abin da ake yi da shi ba. Na dai ga ba shanu suka shuka ba. Tashi ka ɗaure, rana na yi."

Iya ta ce ta ga Gambo da idonta tana 'yar ƙarama, ya tsufa tukuf, fatunsa sun sha ƙetare hamada a bayan raƙuma. Hannuwansa ja ne har wuyan hannu, ko an wanke ba ya fita. A Damagaram ba wanda ya san shi da ƙanen tagwaye. Gambo Mai Jan Hannu ake ce masa, kuma shi ya rina fatar zabirar nan. Daga nan sai ta ce, "Baƙuwa ta fita ta ƙofar baya. A kawo gyaɗata in gani." Kullum tawa ce mafi ƙaranci.

Iya ta rasu ina saurayi. Ban yi lekol ba, wato makarantar boko, ɗinki na koya, kuma sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yaƙi da jahilci. Bara malamarmu ta fara ba mu aron littattafan labari. Wata uku na yi ina bin na farko da yatsa. Labarin wani matashi ne da ya ga abin da ransa ke so, gida aka ƙi, ya fita ya sha wuya, ya yi kuskure, a ƙarshe ya gane ko shi wane ne. Na biyu ma kusan haka, sai dai yarinya ce. Na ji daɗinsu ƙwarai, har na riƙa karanta wa abokan aikina a shago. Na ce ashe abin da Iya ke yi mana a bakin wuta shi ne ake ɗaurewa a littafi. Mutum ba ya sanin kansa yana zaune, sai ya ɗauki dami ya kai inda za a yi masa dariya.

Abu ɗaya ya tsaya mini. A duka littattafan biyu, uba shi ne katangar da ake tsallakewa, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsa. Na faɗa wa malamarmu, ta ce, "To Malam Isa, kai ka rubuta naka mana."

Shekara arba'in ina jin labarin nan a matsayin Gambo. Ni ne mai gudu, ni ne mai tsinkakken takalmi. Ban taɓa tsayawa na dubi mutumin da ke tsaye cikin rana ba, sai da 'yata Nana ta zo mini da takarda. Tana so ta tafi koyon gyaran injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Na ce mata ga keken ɗinki a gida, wannan wane irin aiki ne ga 'ya mace, a ina aka taɓa yi a danginmu? Ta ajiye takardar a kan teburin shago. Kwana shida tana nan, ina ɗora almakashi a kanta. Ranar Litinin za a rufe karɓa.

Ranar Lahadi na ɗauka na karanta da kaina, kalma kalma. Rabin abin da ke ciki ban gane ba, har yanzu kuma ban san yadda rana ke jan ruwa daga rijiya ba. Na dai ga yarinyar nan tun tana ƙarama take kwance rediyona tana mayarwa, kuma ba ni na shuka mata wannan ba. A ƙasan takardar akwai wurin da uba zai sa hannu. Da can yatsa nake dangwalawa a tawada. Na kira ta na ce ta ba ni bik, abin rubutunta, na rubuta sunana cikakke, a hankali, tana tsaye a kaina.

"Baba, ka yarda ke nan?"

"Ɗauki ki tafi," na ce mata. "Rana na yi."