Shuɗin Zare a Kusurwar Zani

Shekara goma sha tara ta yi tana wanki a asibiti, a wani ɗaki can bayan gini, inda ba mai leƙowa sai wanda ya yi ɓatan hanya yana neman banɗaki. Injin wanki uku ne a ɗakin. Biyu suna aiki, na ukun kuwa tun ranar da ta kama aiki bokitai ake jerawa a kansa. Sabulu da ruwan zafi sun cinye mata zanen yatsu, har na'urar dangwale ta bakin ƙofa ta daina gane ta, kullum sai mai gadi ya rubuta zuwanta da hannu. A unguwa Anti Mai Wanki ake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Karatunta bai yi nisa ba, daga aji huɗu aka cire ta don ta yi renon ƙanne. Amma wajen ƙirga ba a ja da ita. In ta ce zani arba'in ya shigo, to kar ka wahalar da kanka, arba'in ɗin ne.

Maigidanta mai aski ne. Shagonsa a jikin gidansu yake, ɗan ɗaki mai taga ɗaya wadda ba ta buɗuwa sosai, da kujera mai juyawa, da benci, da madubi mai tsaga a kusurwa. Mutum ne mai son hira da son a yabi hannunsa, kuma hannun ya cancanci yabo. Sai dai tun yana saurayi tarin fuka ya lalata masa huhun hagu. In ya hau matakala goma sai ya tsaya yana gyara takalmi, alhali takalmin lafiyarsa lau. Ita ta san abin da yake gyarawa, ba ta taɓa tona shi ba.

Da annoba ta zo aka kafa dokar kulle, wata uku shagon yana garƙame. Ita tana fita, tunda masu aikin asibiti ba a hana su ba. Shi kuwa yana zaune a tsakar gida, ya goge kilifa, ya zuba mata mai, ya sake gogewa. Har kyanwar gidan ta fara gudunsa, don ya soma yi mata wani irin kallo.

Sai aka sassauta dokar. Ranar da aka sanar, ya tashi da sassafe ya share shago yana waƙa. Ita kuma ba ta taya shi murna ba, don ta san me ake nufi da maza takwas a ɗaki mai taga ɗaya, kowa da takunkumi a haɓa, kowa yana ɗaga murya.

Muryar kuwa akwai abin ɗaga ta. Kullum da hantsi rediyo yana faɗin adadin sababbin waɗanda suka kamu, kuma unguwar gaba ɗaya ta koma ta masana. Babbansu shi ne wani direban tasi da ake kira Mai Rediyo, wanda yakan ajiye motarsa a ƙofar shagon ya ware sautin.

"Jiya ɗari biyu da goma, yau ɗari da saba'in!" in ji shi. "Ku dai ku zuba ido, nan da sati biyu sai tarihi."

"Ai ba gwajin suke yi ba," in ji wani tela. "Wa ka gani an gwada a layin nan?"

"To wa ka gani ya faɗi a layin nan?"

Haka za su wuni, kowa da lissafinsa, ba wanda ya taɓa ganin ƙofar ɗakin killacewa ko daga nesa.

Ita ma ba ta shiga ɗakin, amma ɗakin yana zuwa wurinta. Wankinsa a jajayen buhuna ake kawowa, kuma doka ce a canza wa kowane majinyaci zanin gado sau ɗaya a rana. Zani ɗaya, mutum ɗaya kwance. Ta samo guntun alli, duk yamma in ta dawo ta yi wanka, sai ta rubuta adadin ranar a bango, bayan ƙofar kicin. Daga nan ta kafa wa maigidan sharaɗi.

"Maigida, aski kam za ka yi, ban hana ka ba. Amma a waje, ƙarƙashin bishiyar nan. Ranar da lissafina ya sauka kwana bakwai a jere, ni da kaina zan mayar maka da madubi ciki."

"Haba, Maman yara. Ni da shagona, in koma aski a bakin titi kamar ɗan koyo?"

"Ɗan koyo mai numfashi," in ji ta.

Ya yi mita, ya sha mur, amma ya fitar da kujerar. Aka buga ƙusa a jikin bishiya aka rataye madubi.

Ana nan, sai ranar wata Talata zannuwa suka tashi daga arba'in zuwa saba'in da biyu. Ta ƙirga sau uku. Ko da ta iso unguwa ba ta shiga gida ba, ta tsaya a gaban maza, ita da ba ta saba magana a taro ba.

"Ku ji tsoron Allah ku watse," ta ce. "Rediyo na faɗin nasa, ni kuma abin da hannuna ya wanke nake faɗa. A kwana ɗaya mutum talatin da biyu suka ƙaru."

Kafin a ce kwabo benci ya zama wayam. Wani ma da rabin aski ya tafi. Kwana biyu ba wanda ya zo wurin, labari kuma ya zaga har layi na biyar, yana tafe yana ƙiba.

A rana ta uku gaskiya ta fito. Ashe injin wankin wani ƙaramin asibiti ne ya lalace, suka aiko da wankinsu gaba ɗaya, da na masu haihuwa da na masu karaya, kuma da fararen buhuna suka ƙare musu sai suka ɗura a jajaye. Direban da ya kawo kayan abokin Mai Rediyo ne. Kai, ranar Mai Rediyo kamar an yi masa albishir da sabuwar mota.

"Ga shugabar ƙididdiga nan tafe!" ya ce da ya hango ta. "Anti, yau masu jego nawa suka kamu?"

Aka kwashe da dariya. Maigidan bai yi dariya ba. Ya sauke madubi daga bishiya, ya ja kujerarsa ya mayar ciki, tana tsaye tana kallo.

"Kin kunyata ni a gaban mutane," ya ce mata a tsakar gida. "Kin kore mini jama'a a kan zanin masu jego. Daga yau ki bar ni da sana'ata, ki ji da taki."

Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, musamman da yake gaskiyarsa ce. Ta shiga kicin ta yi kukanta a gaban tukunya, ta ɗauki tsumma za ta goge bangon. Har ta jiƙa shi, sai ta ji tarinsa daga cikin shago, wannan busasshen tarin da ta sani tun suna amarci. Ta ajiye tsumman. Ƙirgarta ba ta yi ƙarya ba, saba'in da biyu ne suka shigo. Buhun ne ta amince wa, kuma daga ranar ta daina.

Washegari ta sayi shuɗin zare da allura. Ta sami shugabar sashensu ta nemi izini, matar ta dube ta ta ce, "In dai ba a lokacin aiki ba ne, ke kika sani." Zannuwan ɗakin killacewa ɗari da ashirin ne, kuma ba a haɗa su da na kowa. Duk wanda ya fito daga guga, sai ta ɗinka masa 'yar alama a kusurwa. Lokacin cin abinci, abokan aiki suna hira, ita tana kan kujerar roba da allura, da yatsun nan da ba sa jin tsini. Kwana tara ta yi kafin ta gama. Ta ja layi a bangon kicin, ta soma sabon lissafi a ƙarƙashinsa, mai shuɗin zare kaɗai take ƙirgawa.

Talatin da takwas. Arba'in da ɗaya. Arba'in da bakwai. Hamsin da biyar.

Rediyo kuwa yana ta cewa abu na sauka, kasuwa ta cika, motocin haya sun koma cusa mutane. A shago, maza takwas, fanka tana juya musu iska ɗaya. Wannan karon ba ta je gaban kowa ba. Ta san ko da Alƙur'ani ta dafa, dariya za su yi, kuma dama ba su ne damuwarta ba.

Ta bari sai da ya shigo cin abincin rana, ranar hutunta. Ya wanke hannu ke nan ta ce, "Maigida, zo ka gani." Ta tura ƙofar kicin, ta nuna masa bangon, ta yi masa bayanin zaren.

Ya duba, ya kawar da kai. "Wancan karon ma haka kika ce."

"Wancan karon na yi kuskure, na kuma amsa. Wannan kowane ɗaya da hannuna na ɗinke shi."

"To masu rediyon mahaukata ne?"

"Ba mahaukata ba ne. Su sai sakamakon gwaji ya fito suke ƙirgawa, yakan kwana biyar, yakan kwana bakwai. Zani kuwa ba ya jiran sakamako. Ranar da aka kwantar da mutum, washegari yana hannuna."

Ta ga alamar zai juya, sai ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa a gidan ba.

"Akwai abin da ban rubuta a bangon nan ba. In an sallami mutum, zaninsa shi kaɗai yake zuwa. In kuwa rasuwa ya yi, sai a haɗa zanin da bargo da rigar filo, a ƙulle su wuri ɗaya. Ba sai an gaya mini ba, ƙullin nake gani. Jiya huɗu na kwance." Ta dube shi ido cikin ido. "Shekara goma sha tara ban taɓa ƙin wankin kowa ba, Maigida. Amma wallahi ba zan kwance naka ba. Ka ji haushina, ka daina yi mini magana, duk na ɗauka."

Ya ci abincinsa kaɗan, ya koma shago, ta ji kilifa ta ci gaba da kuka har la'asar. Ta zauna tana shirya abin da za ta sake faɗa masa gobe, don ba ta da niyyar bari.

Da safe tana ɗaura ɗankwali za ta fita, sai ta ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Ta leƙa. Ga shi yana jan kujerar, ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara takalmi, ya sake ja. Mai Rediyo ya leƙo daga tagar mota.

"A'a! Shugabar ƙididdiga ta sake yin juyin mulki ne?"

"Mai son aski ya zauna a waje," in ji maigidan, yana haki. "Wanda ba ya so, ya tafi da gashinsa."

Ta shiga shagon ta ɗauko madubin da kanta, ta rataye a ƙusar da ke jikin bishiya, ta goge shi da bakin mayafinta. Har ta kama hanya ya kira ta, ba tare da ya dube ta ba, yana kakkaɓe tawul.

"Maman yara. In kin dawo, ki gaya mini yau nawa."