Leda a Ƙarƙashin Ƙarfe

Yayana ma'aikacin gidan ruwa ne, cikin masu bi gida-gida suna karanta mita. Aikin da ya ciyar da iyalinsa ke nan har ya yi ritaya, amma ban taɓa jin ya buɗe baki ya yi hirarsa ba. Ka taɓo masa zancen kwamfuta kuwa, to nemi kujera. Ba ya sayen haɗaɗɗiya. A wurinsa duk wanda ya shiga kanti ya ɗauko kwamfuta a kwali malalaci ne. Shi sai ya tara kayan ɗaya bayan ɗaya, wannan watan akwati, wancan watan fanka, sannan ya shimfiɗa tsohon zanin matarsa a teburin cin abinci, ya jera komai, ya hana kowa motsi. Ni ce autar gidanmu, kuma katanga ce kawai ta raba gidana da nasa, saboda haka kusan komai a idona aka yi.

Yana da aboki guda, mai gyaran agogo, wanda kowa ke kira Mai Agogo, har matarsa. Tun suna samari suke yawon tsinto matattun kwamfutocin da ofisoshi suka zubar, su cire na wannan su sa wa waccan har ɗaya ta tashi. Yaya ne mai baki, Mai Agogo ne mai hannu. Zai iya ɗauko sukurun da bai kai ƙwayar shinkafa ba daga ƙuryar akwati ba tare da ya taɓa waya ko ɗaya ba. Ranar da aka haifi ɗan Yaya na fari, Mai Agogo ne ya zauna da Yaya a barandar asibiti. Ni kuwa har na yi aure na haihu bai daina ce min Auta ba.

Kowace Asabar da hantsi sukan taru a falon Yaya, su biyu da wani direban motar asibiti da wani malamin lissafi. Su sha shayi, su yi ta musu a kan abin da ni ban ga amfaninsa ba. Fanka ta jawo iska ciki ne ko ta fitar? Man da ake sa wa furosesa, ɗigo ake yi a tsakiya ko shafa shi ake yi da kati? Wannan musun na mai ya fi wasu auren daɗewa. Furosesa dai ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, 'yar fala-fala ce da ba ta cika tafin hannu ba, sai zafin tsiya. Don haka ake ɗiga mata wani mai ruwan toka mai kama da man goge baki, a ɗora mata ƙarfen sanyaya mai fanka a kai, a ɗaure. Yaya ɗan ɗigo ne, kuma yana taƙama da cewa bai taɓa ɗora ƙarfe ya sake ɗagawa ba.

Wata shekara Mai Agogo ya sabunta tasa kwamfutar, sai ya kawo wa Yaya furosesar da ya cire, kyauta, a naɗe cikin hankici. Ta fi ƙarfin duk abin da Yaya ya taɓa mallaka. Ya yi murna kamar yaro. Ya sayo mata sabon ƙarfen sanyaya fil a kwali, ya haɗa komai shi kaɗai ranar wata Alhamis, don Asabar ta zo a same ta tana aiki a yaba.

Ta tashi kuwa, amma da an ba ta aiki mai ɗan nauyi sai fankar ta hau kururuwa, zafi ya haura, ta mutu ɗif. Asabar ta zo, ta yi haka a gaban kowa, direban nan kuma ya yi dariya. Dariyar ce ta jawo komai, na rantse. Ina kicin tare da matar Yaya muka ji muryar mijinta ta tashi.

"Mutumina, ashe abin da ka gama gasawa ka kawo min? Da ka ce min shara kake nema wa wuri, ai da na nuna maka bola."

Mai Agogo ya ajiye kofinsa a hankali. "Lafiyarta ƙalau na cire ta. Bari mutane su watse, mu ɗaga ƙarfen mu duba, ni da kai."

"Mu duba me? Hannuna kake zargi?"

"Ban ce ba. Na ce mu duba."

"Ba mai taɓa min ƙarfe. Kayanka ne ruɓaɓɓe, ka amsa kawai."

Mai Agogo ya ɗauki hularsa, ya leƙo kicin ya yi mana sallama kamar kullum, ya tafi. Asabar ta gaba bai zo ba. Ya aiko direban ya ce har yanzu a shirye yake ya zo su duba. Yaya ya ce a gaya masa ya fara zuwa ya ba da haƙuri tukuna.

Mai hankali zai cire furosesar nan ya mayar wa mai ita, da kuwa magana ta ƙare a ranar. Yaya bai cire ba. Ya bar ta a ciki ta zama shaidarsa. Ya rage mata gudu, ya cire murfin gefen akwatin, ya kafa mata fankar tebur, duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa lambar zafi a allo ya ce, "Ka ga kyautar aboki." Na yi masa magana har na gaji. Na ce, "Yaya, mutumin da ya ɗauke ka a bayansa ranar da ka karye, shi ne zai cuce ka da ɗan ƙarfe?" Ya ce in je in ji da ɗinkina, ban san komai a kan kwamfuta ba. Gaskiyarsa, ban sani ba. Amma na san taurin kai in na gan shi, a gidanmu aka raba shi, Yaya ya kwashi kason mutum uku.

Haka shekaru suka yi ta wucewa. Taron Asabar ya mutu, don malamin lissafi ya ce shayi ba ya masa daɗi in mutane ba su cika ba. Yaya ya canza hanyar zuwa aiki don kada ya bi ta ƙofar shagon agogo. Aka aurar da 'yar Mai Agogo, matar Yaya ta je, na je, shi ya ce kansa na ciwo. Na ji takaicin wannan ranar ƙwarai, domin na ga uban amarya yana ta waiwayen ƙofa.

Bayan ya yi ritaya, wata safiya fankar da ke kan ƙarfen ta ƙi juyawa. Dole ta sa ya kwance. Na shigo aron almakashi na same shi zaune, ƙarfen a hannunsa, ya juya gindinsa sama. Akwai wata 'yar leda fara ƙal manne a wurin, gefenta ya yi ja don ƙuna, man ya bushe a kanta. Irin ledar da kamfani ke liƙawa don kada ƙarfen ya karce, har da rubutu da jan baƙi cewa a ɓare kafin a ɗora. Bai ɓare ba. Duk shekarun nan ita ce tsakanin furosesa da ƙarfen, ta hana zafi fita.

Ya ɓare ta, ya goge, ya ɗiga sabon mai, ya sa wata fanka, ya kunna. Kwamfuta ta tashi shiru, sanyi ƙalau. Ni da na yi niyyar in ce ai na gaya maka, sai na kasa. Tausayinsa ya kama ni.

"Yaya, tashi mu je wurin Mai Agogo yanzu."

"Zan je, Auta. Bari in san abin da zan ce."

Ya sa ledar a aljihun rigarsa. Neman abin faɗa ya cinye masa kusan wata shekarar. In na tuna masa, ya ce mako mai zuwa. Kunya ta karɓi aikin da girman kai ya ajiye, ita ma kuma ba ta da sauƙi. Daga ƙarshe na tsayar da mota a ƙofar gidansa na ce ba zan kashe ta ba sai ya shigo.

Shagon agogo a rufe muka same shi, wani mai sayar da takalma ya kama wurin. Muka wuce gidan Mai Agogo. Matarsa ta buɗe, ta kalli Yaya kallo mai tsawo, ta ce mu shigo. Mijinta na zaune a falo kusa da taga, ya rame, rediyo a cinyarsa. Na yi sallama ya amsa da fara'a, "Auta ce?" Amma gefena yake kallo. Ashe ciwon suga ya cinye idon. Na san ba ya jin daɗi, ban san abin ya kai haka ba, iyalinsa ba masu yayata damuwa ba ne.

Yaya ya durƙusa a gabansa. Duk jawabin da ya shirya ya gudu. Ya kamo hannunsa ya sa masa ledar a tafi. Mai Agogo ya murza ta da yatsu, ya bi gefenta, sai ya tuntsire da dariya har da tari.

"Ita ce ko? Ai tun ranar na yi zato. Sabon ƙarfe, zafi nan take, me zai zama in ba ita ba?"

"Ka sani? Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"A gaban direba? Ya yi ta maka dariya har ka mutu? Na so mu ɓare ta mu biyu, ba wanda zai ji."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ka yafe min, mutumina."

"Na yafe tun tuni. Tashi ka zauna, gwiwarka ba ta yaro ba ce."

Suka ɗan taɓa hira. Yaya ya ce zai ɗauko kwamfutar ya kawo su sake haɗa ta tare. Mai Agogo ya ce ya kawo, shi zai riƙa saurare. Sai ya juya ledar a hannunsa, ya ci gaba da magana.

"Ka san lokacin da idon ya fara tafiya, likita ya ce min in je in kalli duk abin da nake son kallo. Na je na ga jikokina. Na zo gidanka ma. Na tsaya a bakin taga, kana sunkuye cikin akwatin nan, ka ba ni baya. Na ce in ka juyo zan yi sallama. Na daɗe a tsaye, ba ka juyo ba." Ya miƙo hannu yana lalube. "Matso in ji. An ce min ka yi furfura."

Yaya ya matsa. Yatsun suka bi goshinsa, suka bi gemunsa, suka tsaya a kumatunsa da suka jiƙe. Ni na tashi na fita na jira shi a mota.