Kwarin Dabino a Cikin Tele

A ƙarshen shekarun casa'in ina sakatariya a biron wani furoje, wato shirin kafe tudun rairayi, a Gure. Ordinata, wato kwamfuta, ɗaya gare mu, gilashinta ƙarami, in mutum biyu suka tsaya gabanta sun tare. Da za a tara masu garka na wajen Kelle kan maganar shingen tare rairayi, shugabanmu, wani mutumin Doso mai sanyin magana, ya sa aka ɗauko telen gidansa a amalanke. Ya soka wata waya da ya zo da ita daga Yamai, kai ɗaya a bayan ordinata, ɗayan a bayan tele.

Ya ce, "Madam, tura kibiyar nan dama, kar ki tsaya."

Na tura. Ta kai bakin gilashina ta ɓace, sai ga ta can cikin tele, ta yi ƙiba, tana ɗan rawa kamar abin da ake hange a ƙarƙashin ruwa.

Amma tele ba ta iya ɗaukar ƙananan abubuwa kamar ordinata. Sunayen ƙauyuka suka narke, gefen taswira ya yanke, ƙasar Bune gaba ɗaya ta fita. Shugaba ya rage laushin hoton a ɓangaren tele, komai ya ƙara girma, rubutu dai ya ƙi karantuwa. Ƙarshe muka bar rubutu a wajena, hotuna a wajenta.

Washegari da hantsi baƙi suka zauna kan tabarmi. Na jawo hoton wani kwari da aka ɗauka daga kan tudu. A gilashina busasshe ne, dabino tsilla-tsilla, kanwa fara fat a tsakiya. A tele kuwa koren ya malala, kanwar ta koma shuɗi-shuɗi tana ƙyalli.

Shugaba ya miƙa hannu zai gyara launi. Wani dattijo mai garka a kwarin ya ɗaga sandarsa.

"Bar shi haka, malam. Haka yake sa'ad da nake yaro. Ruwa ne kwance nan, har agwagin daji na sauka."

Na kusa da shi ya ce shi ma ya tuna, har ya taɓa yin wanka a ciki. Suka shiga lissafa tsuntsaye, rabi da Hausa rabi da Barbarci, muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Na ɗauke hannuna daga tebur na jingina da bango. Maganar shingen da za a kafa a kan tudu, sai bayan azahar aka taɓo ta.